Neman shawara kan sayen keken cyclocross mai sauƙin kuɗi

Assalamu alaikum. Ina zaune a wajen birnin Gent na ƙasar Beljiyam, kuma hanyar da nake bi zuwa aiki rabinta kwalta ce, sauran kuwa burji ne da ke rikiɗewa taɓo lokacin hunturu. Shi ya sa hankalina ya karkata ga keken cyclocross, wato irin keken da ake tsere da shi a kan taɓo, ciyawa da burji, sai dai abin da na ware bai wuce Yuro 700 ba.

Inda na cije shi ne, kekunan hannu da na duba, har da ƙirar kamfanin Ridley, yawancinsu na tsere ne zalla, babu ramukan ɗaura madigadi ko kariyar ɗora kaya, alhali dole in ɗauki kwamfuta da kayan canji. Masu arhar kuma tsohon birki gare su, mai damƙe gefen wili, wanda ƙarfinsa ke raguwa idan wilin ya jiƙe.

Shin ya fi dacewa in sayi tsoho mai ingantacciyar giya, ko in nemi sabo na alminiyam mai birkin faifai, ko da giyarsa mai arha ce irin Shimano Sora? Sannan taya mai faɗin milimita 33, iyakar da hukumar tseren keke ta duniya (UCI) ta gindaya wa 'yan tsere, za ta wadatar a irin wannan hanya? Ina roƙon waɗanda suka gwada su ba ni shawara. Na gode.