Musayar waƙa: furen da ke haifar kansa

Ɗan Ƙofar Sauri: Salamu alaikum. Jiya na raba dare ina haɗa wani zane a kwamfuta, irin wanda ake kira firaktal. Fure ne ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, duk reshen da ka zuƙo sai ka tarar da furen sukutum a cikinsa. A amsa mini:

Na zana fure, furen ya haifi fure,
Ka leƙa ɗan, ga uwar a can a ƙure,
Hagu da dama tagwaye ne a jere,
Hankalina ya shiga, ya ƙi fitowa.

'Yar Kusugu:
Ƙanena wa ya ba ka kunun zaƙami?
Bango na rawa, kana ta kiran ilimi,
Mu nan Daura fura muke sha mai tsami,
Ƙwaryarta ta fi furenka ƙawatarwa.

Auta Mai Shago: Sai ke Yaya! Daura tushen Hausa, an kashe bakin yaro.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Yaya ni dai ban wuce kofin shayi,
Lissafi ne tsantsa, yana da nauyi,
Mandelbrot ya raɗa masa suna mu kuma muka yi koyi,
Ke ko ƙwarya kaɗai kika san leƙawa.

A 1975 mutumin, masanin lissafi ne, ya ƙirƙiro kalmar firaktal, lokacin yana aiki da kamfanin kwamfuta na IBM a Amurka. Lissafi ɗaya ake ta maimaitawa, amsar da ta fito a sake zuba ta ciki.

Malam Na-Gobarau: Ɗana, ɗangonka na uku ya karye. Ka ɗora masa kayan jaki biyu. Rera shi ka ji, numfashinka zai ƙare kafin ka kai amsa-amo.

Ɗan Ƙofar Sauri: Allah ya gafarta Malam, sunan Bature ne ya ƙi shiga ma'auni.

Malam Na-Gobarau: To a bar shi a zaure. Ita ma 'yar Daura ɗangonta na biyu da ɗan ɗingishi.

Auta Mai Shago: A'a Malam, wannan son kai ne na Katsinawa. Ai da kunne ake auna waƙar Hausa, ba da arulin Larabawa ba.

Malam Na-Gobarau: Kunnen naka da ke jin rediyo biyu lokaci guda?

'Yar Kusugu:
Malam ƙirga gaɓa har gobe da safe,
Ɗingishin Daura ya fi gudun mai tafe,
In ka isa zubo naka mu gani a fefe,

Na huɗun ya ƙi zuwa, tukunya na kan wuta.

Baba Magini: Sai yau na ga wannan, jikana ya karanta mini. Mahaifina da yatsa yake zana dagi a ɗanyen yaɓe, layi guda, ba ya ɗaga hannu sai ya dawo inda ya faro. In ka tsaya kallo da hantsi sai ka ga kamar yana motsi.

Yaro rufe ido ka danna da yatsa,
Ka ga zane na juyi, ba mai matsa,
Ba na'ura, ba zaƙami, ba a fasa,
Cikin kanka yake tun ran haihuwa.

Ɗan Ƙofar Sauri: Baba na gwada, wallahi na ga ɗigo-ɗigo kamar ɗinkin hula. Akwai sauran bangon? Ina so in ɗauki hoto.

Baba Magini: An shafe shi da siminti tuni.

Malam Na-Gobarau: Alhaji, da girmanka, amma "fasa" da "yatsa" ba su amsa wa juna ba.