Neman shawara: yaya zan karanta cinikin mashina wata-wata kafin in yi oda?

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Yayana ya damƙa mini shagon mashina, muna sayar da Bajaj Boxer, TVS, Haojue, Jincheng da 'yan roba-roba. Littafin cinikin shekara biyu yana hannuna. Ina so in gane wane kamfani ke hawa, wane ke sauka, don kada in ɗauko kayan da za su kwanta mini. Ta ina zan fara?

Akawu, Jega:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, yawan mashinan da suka fita za ka ƙirga, ba kuɗi ba. Tun da aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja a watan Yunin 2023 farashi ya yi ta tashi, sai ka ga kuɗin ciniki ya ninka alhali mashinan da suka fita sun ragu. Buɗe Excel, ko ka ja layi a littafi, kowane mashin da layinsa: rana, kamfani, samfuri, lambar injin, farashin sari, farashin sayarwa, garin mai saye, da abin da zai yi da shi, kabu-kabu ne, gona ce, ko hawan gida.

Ƙarshen wata ka fitar da kason kowane kamfani. A ce ka sayar da 40, Boxer 22 a ciki, kashi 55 cikin 100 ke nan. Wata mai bi masa ka sayar da 30, Boxer 18, ya zama kashi 60. Adadinsa ya ragu amma ya ƙara cin kasuwa, matsalar ta kasuwar ce baki ɗaya. Sannan ka daina gwada Agusta da Yuli. Agustan bana da Agustan bara ake gwadawa.

Dila, Argungu:
Maganar Malam Akawu ta ƙarshe ita ce ginshiƙi, domin kasuwar mashin a nan aljihun manomi take bi. Tsakiyar damina kuɗi na cikin taki da noma, shago sai ya yi tsit. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, a farfaɗo, haka kuma idan shinkafar rani ta shigo wajen Afrilu da Mayu. Sallah kuwa tana ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara, saboda haka ka rubuta watan Musulunci a gefe, in ba haka ba ka ɗauki cinikin sallah a matsayin ƙarfin wani kamfani.

Abu biyu ke ɓata lissafi. Sayen tari, kamar ɗan siyasa ya kwashi mashin 25 rana ɗaya zai raba: ware shi daban, ba zai dawo wata mai zuwa ba. Sai ƙarewar kaya, wadda ta fi ɓoyuwa. In TVS ya ƙare maka tun ranar 10 ga wata, littafi zai nuna ya faɗi, alhali masu nema sun zo sun koma. Rubuta kwanakin da kowane samfuri ya yi babu shi a shago, da duk wanda ya tambaya bai samu ba.

Mai bin alƙaluma, Gusau:
A kula da alƙaluman da Bajaj, TVS da Hero ke fitarwa farkon kowane wata a Indiya. Yawancinsu adadin da masana'anta ta tura wa diloli ne, ba wanda ya isa hannun mahayi ba. Hawan da za ka gani wajen Oktoba da Nuwamba na bukukuwansu ne na can. Layin kayan da aka fitar ƙasashen waje kaɗai ya shafe ka, shi ma ya haɗa ƙasashe da yawa, kuma sai kaya sun ƙetare teku, an harhaɗa su, kafin su iso Arewa. Ka kuma sa alama a duk watan da hukuma ta taɓa harkar. A Zamfara, matakan tsaro na 2021 sun taƙaita zirga-zirgar mashina, an rufe kasuwannin mako. Irin wannan wata ba a auna kamfani da shi.

Makanike, Kamba:
Kada ka cakuɗa roba-roba da mashinan aiki, masu sayensu daban ne: mata, ma'aikata da ɗalibai a cikin gari. Ka riƙa leƙa masu kayan gyara kuma. Duk samfurin da fistin, ringi, sarƙa da siroket ɗinsa suka fara wuyar samu, 'yan kabu-kabu za su guje shi tun littafinka bai nuna ba. Masu saye daga Nijar ma ka ware su, don rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 ya shiga cikin lissafin duk wanda ke ciniki da su.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. To wanda aka ɗauka bashi ana biya kaɗan-kaɗan fa?

Akawu, Jega:
Ranar da mashin ya bar shago za ka rubuta shi, ka sa alamar bashi, biyan kuɗin ya tafi wani shafi. Wajen oda kuwa, haɗa cinikin wata uku na baya na kowane samfuri ka raba uku, ka duba abin da watan da ke tafe ya yi bara, sai ka cire abin da ke ajiye a shago. Samfurin da ya wuce kwana 60 bai motsa ba, kada ka ƙaro shi ko da an yi maka ragi.