Rigimar "asali" a zauren WhatsApp na iyalan marigayi Alhaji

Injiniya: Salamu alaikum. Tun jiya raina a ɓace yake. Na buɗe hotunan marigayi Alhaji da takardunsa da aka ce an yi wa sikanin, wallahi ban da takaici ba abin da na tarar. Wasiƙar ajamin nan ta mahaifinsa, da ka ƙara girmanta sai ɗige-ɗigen haruffa su narke, ba ka bambance ba da nun. Hoton aikin Hajjinsa kuwa fuskar duk ta dagule. Duka JPEG ne, wato nau'in fayil ɗin hoto da ake matsewa, kuma a matsayin hoto aka turo su ta WhatsApp, ya sake matse su. Sau nawa zan faɗa? TIFF, nau'in fayil ɗin hoto da ba ya zubar da komai, shi ne asali, sauran wasan yara ne.

Goggo: Wa alaikumus salam. Asali kuma? Ɗan nan, asali yana cikin adakar Hajiya, naɗe da farin ƙyalle. Yaushe ya koma cikin kwamfuta?

Lauya: Goggo ta riga ni. Fayil kowane iri ne, sunansa kwafi. Ko a kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 sai ya sa ka yi bayanin na'urar da ta fitar da shi. A daina kiran kwafi asali.

Injiniya: Ba kotu muke ba, Barista. Nufina kwafin farko da za a adana, wanda daga jikinsa za a riƙa cirar na rabawa. JPEG da ya fito a 1992 don rage nauyi aka yi shi, yana zubar da wani ɓangare na bayanan hoton, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. Ka gyara hoton ka sake adanawa, ya ƙara zubarwa. TIFF tun 1986 yake, yana riƙe duk abin da na'urar ta gani. Shi ya sa shirin ceto tsofaffin takardu na British Library, babban ɗakin karatu na Birtaniya, da shi yake aiki.

Lauya: To ka ce kwafin farko mana. Me ya kawo asali?

Auta: Yaya Injiniya, tunda ni aka aika, gara ka kira sunana kawai. Kai da kanka ka taɓa lissafa mana, shafin A4 guda mai launi a ɗigo 300 kowane inci ya kai megabayit 25 a TIFF, a ɗigo 600 kuma ya haura 100. Google gigabayit 15 kaɗai yake bayarwa kyauta. Wa zai sayi datar? Kuma in na turo TIFF, wayar Goggo za ta buɗe?

Goggo: Ni dai na ga Alhaji ras a wayata, har na yi kuka. Allah ya yi maka albarka, Auta.

Kawu: Ni wani ya gaya mini JPEG duk buɗewa ɗaya sai ya ɗan kode. Shi ya sa ban cika buɗe nawa ba.

Injiniya: A'a Kawu, Allah ya ƙara girma. Buɗewa ko kwafewa zuwa filash ba ta taɓa shi. Sai an gyara an sake adanawa, ko manhaja ta matse shi wajen turawa.

Kawu: To wanda ya gaya min ɗin ma ɗan boko ne.

Baffa: Ku duka kun bar hanya. PDF ita ce asali. Ita ake karɓa a kowane ofis, kuma ba a iya taɓa ta.

Injiniya: Baffa, PDF jaka ce kawai, abin da aka zuba mata shi za ta riƙe. Yawancin manhajojin sikanin waya JPEG suke cusawa a ciki. Kuma ana gyara ta sarai. Akwai PDF/A da aka fitar a 2005 don ajiya mai tsawo, tana da amfani ga takarda mai shafuka da yawa, amma ba ta mayar da abin da aka riga aka zubar.

Baffa: Yanzu ni za ka koya wa takarda? Na yi aikin ofis kafin a yaye ka.

Anti Amarya: Tunda ana maganar asali, ina asalin takardar gonar bakin rafi? Ban gan ta cikin abin da aka turo ba. Ko ita ba ta shiga na'ura ne?

Goggo: Ga ta nan fa. Dama na san nan za a zo.

Anti Amarya: Tambaya kawai na yi, Goggo. An yi sikanin rasit ɗin haraji na zamanin En'e, an yi na katin rigakafi, amma takardar gona ta yi layar zana.

Auta: Anti, ba a ba ni ita ba. Abin da Hajiya ta miƙo min shi na kai shago.

Lauya: Tana wurina, kuma lafiyarta ƙalau. Na ma sa an yi mata laminatin.

Injiniya: Inna lillahi! Laminatin? Zafi da gam sun shiga jikin takardar, ba a ɓare ledar ba tare da an yage ta ba. Masu adana takardu hana shi suke yi. Kai da kake ta kare asali, kai ka gasa shi.

Lauya: Gara leda da gara.

Anti Amarya: Wa ya ba ka izini? Yarana ba su da haƙƙi a ciki ne?

Baffa: Maganar gado ba ta waya ba ce. A bari sai an haɗu.

Injiniya: Don Allah a dawo kan magana. Abin da nake roƙo kaɗan ne. A sake sikanin wasiƙun ajami da tsofaffin hotuna a ɗigo 600, da launi ko da hoton baƙi da fari ne, a haɗa da bayan hoton saboda rubutun Alhaji. A adana TIFF a wuri biyu, a ciri JPEG a raba wa kowa. In TIFF ya yi nauyi, PNG ma ba ya zubar da komai. Kuma in za a turo, a turo a matsayin fayil, kada WhatsApp ya matse.

Kawu: Wane ne kuma PNG?

Anti Amarya: Har yanzu ba a ba ni amsa ba.

Yaya Babba: To jama'a, a matsayina na mai kula da zaure, ga abin da aka tsayar. An yi ittifaƙi cewa asali shi ne takarda, don haka kalmar da Injiniya ya fara da ita kuskure ce. Auta ya yi ƙoƙari da kuɗin aljihunsa, kuma manya sun gamsu da hotunan. JPEG ya wadatar, kamar yadda mafi rinjaye suka nuna. Mai son TIFF ya sayi filash ɗinsa ya zo ya roƙi Hajiya mabuɗin adaka. Takardar gona tana hannu nagari. An rufe wannan magana.

Injiniya: Mafi rinjaye su wa? Kai da ɗan ɗakinku?

Anti Amarya: Hannu nagari in ji wa?