Don Allah a fahimtar da ni yadda ake cin maki a wasan tanis

Ɗan Sabon Gari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sha'awar kallon tanis, amma lissafinsa ya ɗaure mini kai. Daga 15 a tafi 30, sai 40, a kai 40-40 kuma wasa ya ƙi ƙarewa. Sannan me ke sa mutum ya rasa maki alhali ƙwallonsa ta faɗa cikin fili? Masana a taimaka.

Koci Mai Raket:
Wa alaikumus salam. Lissafin hawa uku ne, ɗan'uwa: maki ke haɗa gem, gem ke haɗa set, set ke ba da nasara. Makin farko 15, na biyu 30, na uku 40, na huɗu ya ba ka gem, amma da sharaɗin ka ba abokin karawarka tazarar maki biyu. Shi ya sa in an yi 40-40, wato diyus, sai mutum ya ci biyu a jere. Ka ci na farko, kana da fifiko. Ka zubar da na biyu, an koma diyus, ko sau goma ne. Kullum makin mai sabis, wato mai bugun fara wasa, ake fara faɗa, saboda haka 15-40 na nufin mai sabis ne ke cikin matsala.

Set kuwa gem shida ne, shi ma da tazarar biyu. In an kai 5-5 sai 7-5. In an kai 6-6 sai tai-birek, wato gem na raba gardama. Yawancin wasanni, wanda ya fara cin set biyu ya yi nasara. A manyan gasa huɗu, na Ostareliya, Faransa, Wimbledon da Amurka, maza sai sun ci set uku.

Hajiya Alƙaliya:
Malam Koci ya gama da lissafi, bari in taɓo tambaya ta biyu. Sababbin 'yan wasa kan zubar da maki da yawa a wajen sabis. Za ka tsaya bayan layin ƙarshe, ka fara daga gefen dama, ka buga a karkace zuwa akwatin da ke hagunka a ɗaya ɓangaren raga, wato ƙaramin filin da aka shata kusa da ragar. Kowane maki sai ka sauya gefe. Dama biyu gare ka; ka ɓata duka, maki ya tafi. Abin da mutane ba sa lura da shi ƙafa ce: in bakin takalminka ya taɓa layi kafin raket ya taɓa ƙwallo, sabis ɗin ya lalace ko da ya faɗa daidai. Yawanci jefa ƙwallon gaba da yawa ke jawo haka, sai jiki ya bi ta, ƙafa ta zame. In kuma ƙwallon sabis ta shafi raga ta faɗa cikin akwatin da ya dace, maimaitawa ake yi, ba a rage maka dama.

Mai karɓar sabis dole ya bar ta ta dira ƙasa tukuna. Bayan nan ana iya tarar ta a sama. Za ka rasa maki in ta dira sau biyu a ɓangarenka, in ta taɓa jikinka ko rigarka, in kai ko raket ɗinka kuka taɓa raga wasa bai tsaya ba, ko in ka miƙa raket ka buge ta kafin ta tsallako raga. Har ɗan wasan da ke tsaye a wajen fili, in ya cafe ƙwallon da za ta fita kafin ta dira, ya yi asara. Layi kuma cikin fili yake, ko kaɗan ta shafe shi ta shiga. Siririn filin da ke tsakanin layukan gefe biyu na masu wasa bibbiyu ne: faɗin fili mita 8.23 ga ɗaiɗai, 10.97 ga bibbiyu.

Baban Sadiya:
Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Tai-birek ne ba a fayyace ba. A nan 1, 2, 3 ake ƙirgawa har 7, da tazarar biyu. Na farko ya yi sabis ɗaya, daga nan bibbiyu ake karɓa-karɓa, a sauya ɓangare duk bayan maki shida. Tun 2022 manyan gasa huɗun suka daidaita: in set ɗin ƙarshe ya kai 6-6, tai-birek ɗin zuwa 10 ne. A da a Wimbledon babu wannan iyaka, shi ya sa a 2010 John Isner da Nicolas Mahut suka kai 70-68 a set na biyar.

Ka riƙe wannan, Ɗan Sabon Gari: ba yawan maki ke ba da nasara ba, lokacin da aka ci su ne. A wasan ƙarshe na Wimbledon na 2019 Roger Federer ya ci maki 218, Novak Djokovic 204, amma Djokovic ne ya ɗauki kofi, domin shi ya lashe tai-birek uku da aka yi a wasan duka. In kana kallo, ka sa ido sosai duk lokacin da mai sabis yake 30-40, a nan ake ƙwace gem daga hannunsa.

Ɗan Sabon Gari:
Na gode ƙwarai, yanzu na gane. Hajiya, in ƙwallo ta taɓa raga a tsakiyar wasa ta faɗa ciki fa?

Hajiya Alƙaliya:
Wasa ya ci gaba, ɗana. Maimaitawar a sabis kaɗai take.