Baba ya yi barci cikin Ubangiji: mu bi wasiyyarsa ko maganar baffanni?

Ɗan Tudun Wada: 'Yan'uwa cikin Ubangiji, mahaifinmu ya yi barci ranar Talata a nan Jos. Tun yana kwance ya riƙe hannuna ya ce jikin nan riga ce da zai tuɓe, gida zai tafi, saboda haka mu binne shi cikin kwana uku, kuɗin da na tara kuma a biya wa autarmu makaranta. Yanzu baffannina sun ce sai an ajiye shi mako uku, a kai shi ƙauyenmu a Pankshin, a yanka saniya, a ɗinka anko. Naira dubu 600 ke hannuna. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, ku gaya mini yadda kuka yi.

Mai ɗinki a Bukuru: Ubangiji ya ta'azantar da ku. Idan za ku yi anko, ku sayi yadin a Terminus da wuri, domin jama'a su sami lokacin ɗinki.

Dattijo daga Anguwar Rukuba: Ɗana, mahaifinka ya yi maka wa'azinsa na ƙarshe. Bulus ya rubuta wa Tasalonikawa cewa kada su yi baƙin ciki kamar waɗanda ba su da bege. Bai hana kuka ba, domin Yesu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, amma wanda ya gaskata da tashin matattu ba ya bukatar saniya ta ba da shaida a madadinsa. Mun binne yayana da akwatin dubu 80, kuma babu abin da ya ragu daga darajarsa.

Maman Biyu, Daɗin Kowa: Baba, wannan farashin na da ne. A bara dubu 220 na biya, domin dangin mijina sun ce ɗan'uwansu ba zai shiga akwatin talaka ba. Mijina ya yi wata bakwai a kwance, ni kaɗai nake juya shi, nake wanke shi, nake ba shi kunu da cokali, kuma a cikin waɗanda suka fi ɗaga murya ranar jana'iza babu wanda ya taɓa kawo ko lemo ɗaya asibiti. Gawar ta yi kwana 26 a ɗakin ajiya, ana lissafa mini kuɗi kullum. Na sayar da keken ɗinkina, na ci bashin adashi, an kafa rumfuna huɗu, an rera waƙoƙin sama har dare. Da gari ya waye kowa ya hau mota, aka bar ni da yara biyu da takardar bashi. Abin da ya riƙe ni shi ne sanin cewa zan sake ganinsa, amma har yau ban gama biya ba.

Malamin makaranta, Farin Gada: Mama, labarinki ya sa ni hawaye. Sai dai kada mu mai da binnewa a gida zunubi. Ibrahim ya biya shekel 400 na azurfa ya sayi kogon Makfela domin Saratu, Yusufu kuma ya sa 'yan'uwansa suka rantse za su fitar da ƙasusuwansa daga Masar. Mu mun kai mahaifiyarmu Mangu, motar ta ci dubu 60 kawai.

Direba a Gada Biyu: Malam, dubu 60 a wannan tsadar man? Sai dai in mala'iku ne suka tura motar daga Mararrabar Jama'a. Zuwa Pankshin da dawowa, ka tanadi dubu 150.

Dattijo daga Anguwar Rukuba: Gidan makoki muke, a rage wasa. Ɗana, ka je wurin Rabaran ɗinku, shi ya zauna da baffanninka.

Malamin makaranta, Farin Gada: Baba, da girmamawa, Rabaran za a iya yi masa canjin wurin aiki gobe, amma baffanni su ne za su tsaya wa wannan yaro ranar aurensa da ranar rabon gona. Maganarsu ba abin yarwa ba ce.

Maman Biyu, Daɗin Kowa: Irinsu ne kuma suka raba gonar mijina ban sani ba. Ni tambayata ga ikilisiya ce. Muna wa'azin rai madawwami kowace Lahadi, wasiƙar Yakubu kuma ta ce addini mai tsarki shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu, to me ya sa gudummawar jana'iza take fitowa cikin kwana biyu, amma kuɗin makarantar maraya sai an yi ta kai takarda gaban kwamiti? 'Yan Zumuntar Mata ne kaɗai suka dawo gidana bayan wata guda, da mudu biyar na masara.

Mai ɗinki a Bukuru: A majami'armu ma haka ne. An karɓi gudummawar ta'aziyya sau uku a wata ɗaya, amma gwauruwar da ke zaune kusa da ni a benci an koro ɗanta daga makaranta.

Ɗan Tudun Wada: Na gode muku duka. Baffana babba ya kira yanzu, ya ce gobe da asuba zai taso daga Pankshin tare da mutum biyu, kuma har ya yi cinikin saniyar. Mama tana ɗaki da Littafi Mai Tsarki na Baba a cinyarta, ba ta ce komai ba tukuna.