Neman kalma: me za mu kira suite na jirgin ruwan shaƙatawa?

Mai Shirin Safe: Assalamu alaikum malamai. Gobe ƙarfe 7 na safe shirinmu na tafiye-tafiye zai fita, rubutun kuma sai ya isa hannun furodusa kafin ƙarfe 9 na daren nan. Batun jiragen ruwan shaƙatawa ne, irin masu zagaya Bahar Rum da tsibiran Karebiyan. Ɗakunansu iri 4 ne. Na samu uku: ɗakin ciki mara taga, ɗaki mai taga, ɗaki mai baranda. Na huɗun da suke kira suite shi ya gagare ni. A taimaka da kalmar da mai saurare zai kama nan take.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Ciki da falo. An gama.

Hajiya Mai Tikiti: Ba a gama ba, ɗana. A otal sai in yarda da kai, a jirgi kuwa za ka yaudari mutane. Mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna shi ne ƙaraminsa, wanda kamfanin jiragen Royal Caribbean ke kira Junior Suite, kamfanin Princess kuma Mini-Suite. Ɗaki guda ne, babu bango tsakanin gado da kujeru, in an yi ƙoƙari a sa labule. Ɗaki mai baranda na kowa da kowa yakan kai murabba'in mita 16 zuwa 19, wannan kuma wajen 25 zuwa 30, da doguwar kujera, da wurin rataye kaya mai faɗi, sau da yawa da bahon wanka maimakon shawa kaɗai. Wanda ya ji "ciki da falo" zai zata akwai ƙofar da zai rufe yara su kwanta a falo. Sai an hau matakin gaba, mai ɗakin kwana ɗaya ko biyu, ake samun wannan ƙofar.

Injiniyan Ruwa: Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma akwai wanda ya fi haka. A wasu jiragen kamfanin MSC, cikin sashensu na Yacht Club, akwai suite ɗin da ko taga ba shi da ita. Ba faɗin ɗakin ake saya ba, matsayi ake saya. Katin ƙofarka ne ke buɗe maka wani sashe na jirgin da sauran fasinjoji ba sa shiga: gidan abinci na daban, wurin ninkaya na daban, zauren hutawa na daban. Kamfanin Norwegian na kiran nasu The Haven, Celebrity The Retreat, Cunard kuma ta raba nata biyu, Queens Grill da Princess Grill. Ranar shiga jirgi ba ka bin dogon layi, kuma a tashar da jirgin ba zai iya matsowa gaɓa ba, inda ake sauke mutane da ƙananan jirage, kai ake fara ɗauka. Duk kalmar da za a zaɓa ta nuna wannan fifikon.

Hajiya Mai Tikiti: To ɗakin alfarma ke nan.

Malamin Nahawu: Alfarma ta tsufa a bakin 'yan talla, kowane shago yanzu na alfarma ne. Muna da kalma tamu ta gado: turaka. Wurin da ba kowa ke shiga ba, sai da izini. Na ba ku "turakar teku". Harɗaɗɗen suna ne mai bin ƙa'ida, suna na mace da ɗafin -r, jam'insa turakun teku. Ga daɗin faɗa a rediyo.

Ɗan Fagge: Ranka ya daɗe, turaka ai ta maigida ce. Yaya za a ce Hajiya ta kama turaka ita da jikokinta?

Malamin Nahawu: Kalma tana faɗaɗa. Jirgi ma da na ruwa kaɗai aka sani, yau ga na sama ga na ƙasa.

Injiniyan Ruwa: Malam, a jirgin Icon of the Seas da ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 2024 akwai suite mai hawa 3 da aka yi don iyali, har da wurin sulluɓawar yara daga sama zuwa ƙasa. A jirgin Seven Seas Splendor akwai wanda ya haura murabba'in mita 400 in an haɗa da barandarsa. Wannan gida ne sukutum, turaka ba za ta ɗauke shi ba.

Ɗan Maraɗi: Mu a nan suwit muke cewa, haka take a Faransanci ma. Ku rubuta ta da Hausa ku huta.

Ɗan Fagge: Ka ce a rediyo "Alhaji ya kama suwit", rabin gari za su ɗauka alawa ya saya.

Baƙon Kasala: A Larabcin otal janahi ake cewa, wato reshe ko fiffike na gini. Hausawan Sudan sun saba da ita.

Malamin Nahawu: Janahi ta fi suwit mutunci, ko da yake ba ta kai turaka ba.

Ɗan Maraɗi: Ga shi nan fa. In aro daga Larabci ne mutunci, in daga Nasara ne ƙasƙanci. Falon da ake ta faɗa daga ina ya zo? Baranda fa? Tikiti fa? Kuma kullum sai abin da aka yanke a Kano za a ce shi ne Hausa, mu namu karin harshe ne.

Malamin Nahawu: Ban ambaci Kano ba. Abin da na ce shi ne, al'ummar da ba ta iya raɗa wa abu suna ba, ba ta mallake shi ba. Masu Larabci sun zauna sun samo tasu, mu kuma mun zauna muna jiran abin da ya faɗo daga bakin Bature.

Ɗan Fagge: Malam, ko mun raɗa masa suna ba mu mallaki jirgin ba.

Mai Shirin Safe: Don Allah malamai, ƙarfe 7 ta wuce. A bar Kano da Maraɗi tukuna. Akwai sakin layi na abin da mutum zai tarar a ciki, ina so in tabbatar ban yi alkawarin abin da babu ba. Na rubuta cewa kowane suite yana da hadimi kuma komai kyauta ne.

Hajiya Mai Tikiti: Goge duka biyun. Ma'aikata 3 ne, kada ka haɗa su. Mai gyaran ɗaki kowa yana da shi, har na ɗakin ciki. Jami'in kula da baƙi yana zaune a zauren masu suite, shi ke kama maka tebur a gidan abinci, ya samo maka kujera a wasan dare, ya gyara kuskuren lissafi. Hadimi shi ke kawo abinci ɗaki ya jera, ya kwance maka kaya in ka so, ya kai wanki da guga. Wannan na ukun ba ko'ina ba. A Cunard mai Queens Grill yana da shi, mai Princess Grill ba shi da shi. A Royal Caribbean mai Junior Suite ba ya shiga zauren masu suite ma. A Norwegian, Club Balcony Suite ba ya cikin The Haven ko kusa. Nan ne aka fi yin kuka: mutum ya ga kalmar a takarda ya biya, ya je ƙofar sashen katinsa ya ƙi buɗewa. Kafin a biya a nemi jerin abin da wannan matakin ya ƙunsa a wannan jirgin takamaimai, don kamfani ɗaya ma jiragensa sun bambanta.

Batun kuɗi: farashin da ake tallatawa na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗakin. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya kusan ninki biyu. Sannan akwai tukuicin ma'aikata da ake ɗorawa a kan kowane kai kowace rana, na mai suite ya ɗara na sauran da dala 2 zuwa 5, a wasu kamfanonin kuma na hadimi daban yake. Intanet, lemuka da wanki wani matakin ya haɗa da su, wani bai haɗa ba.

Injiniyan Ruwa: Ka ƙara da wurin da ɗakin yake, don tsada ba ta hana jiri. Suite galibi a hawa na sama ake sa shi, ko a goshin jirgi, ko a bayansa, kuma nan ne tangaɗi ya fi yawa. Mai saurin tashin zuciya tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa ya fi masa. A goshi akwai iska mai ƙarfi a baranda, da ƙarar sarƙar anga da asuba. A baya baranda ta fi zurfi, amma ana jin girgizar farfela lokacin shiga tasha, wani lokacin baƙin hayaƙin bututu ya sauka a kan kujeru. In ɗakin yana ƙarƙashin wurin ninkaya, ƙarar jan kujeru za ta tashe ka kafin gari ya waye. Maganinsa a buɗe taswirar hawa-hawa a duba abin da ke sama da ɗakin da abin da ke ƙasansa. Wanda ɗakunan kwana suka sa a tsakiya ya fi shiru. Akwai tikiti mai rangwame da kamfani ne ke zaɓa maka ɗaki, wanda ya saye shi ya sallama wannan zaɓin.

Dokokin jirgi kuma ba su san mai suite ba. Ba a shiga da dutsen guga. Ba a shan taba a baranda a mafi yawan kamfanoni. Gobarar jirgin Star Princess ta 2006 daga baranda ta tashi. Masai da iska yake zuƙa ta siririn bututu, abu kaɗan ban da takardar da suka ajiye zai toshe shi, ya shafi maƙwabta. A jirage da yawa in ka bar ƙofar baranda a buɗe na'urar sanyaya ɗaki tana tsayawa. Atisayen ceto kafin tashi wajibi ne a kan kowa.

Baƙon Kasala: Ga masu saurarenmu a ƙara abu uku: a nemi abincin halal tun lokacin kama ɗaki, ba ranar shiga ba, ana iya cewa a kwashe giyar da ke cikin firij, alƙibla kuma tana juyawa da jirgin, sai an riƙa dubawa kowace salla.

Malamin Nahawu: Duk bayanin nan turaka yake siffantawa. Wurin da kati ke buɗewa, ba kowa ke shiga ba.

Hajiya Mai Tikiti: Malam, wancan sashen ne, ba ɗakin ba. In kana so mu ba ka shi: The Haven da ire-irensa a ce keɓantaccen sashe.

Malamin Nahawu: Ai ba ki ba ni komai ba ke nan.

Mai Shirin Safe: Ga abin da zan miƙa. Suite: ɗakin alfarma, in faɗi sunan Turancin sau ɗaya a farko don mai zuwa saye ya gane shi a takarda. Mai ɗakin kwana daban: ɗakin alfarma ciki da falo. Wurin da kati ke buɗewa: keɓantaccen sashe. Hadimi, jami'in kula da baƙi, mai gyaran ɗaki. Junior ɗin kuma ƙaramin ɗakin alfarma.

Injiniyan Ruwa: Na ƙarshen bai yi mini ba. Ka sa masa alfarma, alhali alfarmar ce aka cire masa. Babban ɗaki mai baranda ya fi kusa da gaskiya.

Hajiya Mai Tikiti: Amma a takardar saye suite aka rubuta, in ka canza masa aji mutum zai ruɗe.

Mai Shirin Safe: Zan bar shi ƙaramin ɗakin alfarma, in bi shi da jimla ɗaya cewa yawancin gatan ba ya ciki. Lokaci ya ƙure.

Ɗan Maraɗi: Ku je ku dawo, suwit ɗin za ku ji a bakin mutane.

Malamin Nahawu: A yi amfani da ita gobe tunda akwai gaggawa, ban ce na amince ba. Turakar teku tana cikin jerin da zan kawo ranar Asabar, tare da ta baranda.