Shin kamfanonin Elon Musk za su sauya makomar ɗan Adam, ko zuzutawa ce ta yi yawa?

Malamin Firamare ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina roƙon masana harkar kimiyya da ke wannan zaure su raba mana gardama da ƙanena, wanda yake aji uku a jami'a yana karatun injiniya. Makon jiya bayan sallar isha'i ya zo ya tsuguna kusa da tabarmata ya miƙo mini wayarsa, na kalli wata roka mai tsayin bene hawa ashirin tana saukowa daga sama da gindi, wuta na fita a ƙarƙashinta, har wasu hannayen ƙarfe biyu suka cafke ta a jikin hasumiyar da ta tashi daga kanta. Ya ce kamfanin SpaceX na Elon Musk ne ya yi wannan a jihar Texas ta Amurka a watan Oktoba na 2024, kuma a ganinsa babu wani mai rai a yau da jikokinmu za su ci moriyar aikinsa kamar Elon Musk. Ni kuwa na ce masa attajiri ne kawai mai son a riƙa ambatonsa, domin wanda ya damu da ɗan Adam ba zai zuba dala biliyan 44 wajen sayen Twitter ba alhali yunwa na kashe mutane. Mun rabu kowa na kan bakansa. Tambayata ita ce, tsakanin SpaceX mai ƙera roka, da Tesla mai ƙera mota mai lantarki, da Starlink mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam, da Neuralink mai dasa na'ura a ƙwaƙwalwa, wanne ne za a ce da gaske ya shafi makomar bil'adama, wanne ne kuma talla?

Injiniya Mai Ritaya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanenka yana da gaskiya a wuri guda, amma ina zaton bai kai ka inda gaskiyar take ba. Burgewar bidiyon ba ita ce abin dubawa ba, abin dubawa shi ne kuɗi. Tun da aka fara harba roka a ƙarni na ashirin, al'adar ita ce a ƙera na'ura ta miliyoyin daloli, a yi amfani da ita sau ɗaya, ta faɗa teku ko ta ƙone. Ka ƙaddara direban da ya ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano, yana sauke kayan sai ya cinna wa tirelar wuta, gobe ya sayi sabuwa. Ka san kuɗin dakon buhu guda ba zai biyu ba. Abin da SpaceX ta yi a watan Disamba na 2015 shi ne ta dawo da kashin farko na rokar Falcon 9 ya sauka a tsaye a Cape Canaveral, kuma daga baya aka kai matsayin da kashi ɗaya yake tashi ya dawo fiye da sau ashirin. Da farashin kai kaya sama ya faɗi, sai jami'o'i da ƙananan ƙasashe da kamfanonin hasashen yanayi suka samu damar harba tauraron ɗan adam ba tare da sun yi karaf da aljihunsu ba, kuma da waɗannan taurari ake hango ambaliya da fari da yanayin amfanin gona.

Kada a manta cewa kamfanin ya kusa durƙushewa. An kafa shi a 2002, rokarsa ta farko, Falcon 1, ta gaza sau uku a jere, sai a karo na huɗu, a watan Satumba na 2008, ta isa falaki. A watan Disamba na wannan shekarar hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ba shi kwangilar dala biliyan 1.6 don kai kaya tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, kuma wannan kwangila ce ta tsamo shi. Sannan daga 2011, lokacin da Amurka ta jingine kumbonta na Shuttle, sai da ta shafe shekara tara tana biyan Rasha kuɗin kujera a kumbon Soyuz, har kujera ɗaya ta haura dala miliyan 80, kafin kumbon Dragon na SpaceX ya ɗauki 'yan sama jannati biyu a watan Mayu na 2020. Idan aka ce in zaɓi aiki ɗaya da zai daɗe bayan an manta da surutan mutumin a shafinsa, to wannan ne, domin ilimin dawo da roka ya riga ya fita, Sinawa da sauran kamfanoni suna ta koyonsa.

Ungozomar Karkara ta amsa:

Ranka ya daɗe Injiniya, na ƙaru da bayaninka, sai dai ni abin da idona ya gani zan faɗa. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti da ke nesa da titi, inda a da sai mun hau tudun bayan makaranta muna ɗaga waya sama kafin saƙo ya fita. Bara wata ƙungiya ta kafa mana farantin Starlink a kan rufin kwano, fari ne, bai fi faifan tankaɗe girma sosai ba, aka haɗa shi da sola. Wani dare aka kawo mana mai naƙuda jininta ya hau, na kira likita a birni ta bidiyo, na juya masa wayar ya ga ƙafafunta da suka kumbura da lambar da awon jini ya nuna, ya faɗa mini allurar da zan yi da yawanta, ya kuma sa aka shirya mata gado kafin motar ta iso. An ce mini sirrin saurin shi ne taurarin suna yawo a nisan kilomita 550 kacal, ba kamar tsofaffin ba da suke can kusan kilomita 36,000, waɗanda magana kan yi jinkirin fiye da rabin daƙiƙa kafin ta dawo. Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka buɗe wa wannan hanya, a watan Janairu na 2023.

Duk da haka, Malam mai tambaya, akwai abin da ke damuna. Kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi ƙarfin talakan ƙauyenmu, kuma ranar da ƙungiyar ta daina biya, mun koma kan tudu. Wanda ya fi wannan shi ne makunnin yana hannun mutum ɗaya, wato Musk. Shi da bakinsa ya faɗa a 2023 cewa ya ƙi amincewa da buƙatar Yukren ta a kunna Starlink a yankin Kirimiya, saboda yana gudun yaƙinta da Rasha ya faɗaɗa. Ko hukuncin nasa daidai ne ko kuskure, ba zaɓarsa aka yi ba, kuma babu majalisar da ya tuntuɓa. A Sudan ma, da layukan sadarwa suka ɗauke a farkon 2024, da wannan faranti mutane da yawa suka riƙa karɓar kuɗi daga 'yan'uwansu na waje. Rayukan jama'a masu yawa haka bai kamata su rataya a kan ra'ayin attajiri guda ba, komai kyawun niyyarsa.

Ɗan Kantin Kwari ya amsa:

Hajiya ta taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni ɗan kasuwa ne, kuma na san yadda ake kambama haja. Mutane da yawa suna zaton Musk ne ya ƙirƙiri Tesla, alhali Martin Eberhard da Marc Tarpenning ne suka kafa shi a 2003, shi kuma ya shigo da jarinsa a 2004, daga kuɗin da ya samu bayan eBay ta sayi PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da yake da hannun jari a ciki, a 2002, sannan ya zama shugaban kamfanin a 2008. A 2010 gwamnatin Amurka ta ba Tesla rancen dala miliyan 465, wanda kamfanin ya biya a 2013. Ban faɗi haka don in rage masa daraja ba, domin kafin Tesla ana yi wa mota mai lantarki kallon abin wasan yara, shi ne ya tilasta wa manyan kamfanonin Jamus da Japan suka tashi tsaye, kuma a 2023 ya sayar da motoci kusan miliyan 1.8. Amma idan ana maganar motar da talakan duniya zai iya hawa, kamfanin BYD na ƙasar Sin ne yake kan gaba wajen araha. Ga kuma batun batir, wanda ma'adinin kobalt da ake sa wa da yawansu, kusan kashi 70 cikin ɗari daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi, wani a ramukan da ake samun yara a ciki.

Maganar ƙaura zuwa duniyar Mars kuwa, nan ne nake ganin tallar ta fi kayan. Wuri ne da matsakaicin sanyinsa ya kai digiri 60 ƙasa da sifili, iskarsa kusan duka gubar kabon ce, ga shi ba a samun damar tafiya sai bayan wata 26, tafiyar kuma ta ɗauki wata shida zuwa tara. Tun a 2016 ya tsaya a birnin Guadalajara na Meziko yana hasashen mutane za su kama hanya a tsakiyar shekarun 2020, har yau ko ɓera kamfaninsa bai kai can ba. Neuralink dai ban raina shi ba, domin a watan Janairu na 2024 sun dasa wa wani matashi da jikinsa ya shanye na'ura a ƙwaƙwalwa, aka nuna shi yana buga wasan dara na ces a kwamfuta da tunani kawai. Sai dai masu bincike a jami'o'i sun yi shekaru suna gwada irin wannan kafin shi, kuma har yanzu gwaji ne a kan mutane ƙalilan.

Malamin Firamare ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na karanta wa ƙanena amsoshin nan da safe muna shan koko. Ya yarda da batun Mars da ƙyar, amma ya ce in tambayi Injiniya: idan har Hajiya tana tsoron makunni a hannun mutum ɗaya, me ya hana ƙasashen Afirka su haɗa kuɗi su harba nasu taurarin?

Injiniya Mai Ritaya ya amsa:

Ka ce wa ɗana tambayarsa ta yi ma'ana. Nijeriya ta taɓa gwadawa da tauraron sadarwa mai suna NigComSat-1, wanda Sin ta harba mana a 2007, ya lalace a 2008 saboda matsalar farantan solarsa, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a 2011. Wannan tauraro ɗaya ne a can nesa, tsari irin na Starlink kuwa sai da dubbai, kuma kowanne yakan ƙare aikinsa cikin kimanin shekara biyar a sake harba wani. Tarayyar Turai ma da duk arzikinta tana kan haɗa nata ne yanzu. Abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne hukumomin sadarwa su bar ƙofa a buɗe ga masu gasa irin su OneWeb da kamfanin Amazon, su kuma ci gaba da shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa zuwa ƙananan hukumomi, yadda asibitin Hajiya zai samu layi na biyu idan na farko ya ɗauke.